SHARHI: Sawun ɓarayi a Madarunfa yana kai wa bakin daji, ba ya kai wa gaban alƙali

Daga wakilinmu a Maraɗi

A ƙauyukan gundumar Madarunfa, idan 'yan bindiga suka shigo da dare suka kora dabbobi ko suka yi awon gaba da mutum, abin da ake fara yi da wayewar gari shi ne duban ƙasa. Tun kafin jandarmomi su iso, maza sun kewaye garke suna neman ta inda aka shigo da ta inda aka fita. Kusan kowane yanki yana da waɗanda aka sani da wannan aiki, galibi maharba ko tsofaffin makiyaya, waɗanda za su sunkuya su dubi rairayi su faɗi yawan mutanen da suka zo, da inda suka ajiye babura suka ƙaraso da ƙafa, da ko tsakar dare suka wuce ko gab da asuba.

Wannan sani ya sha maido wa talakawa dukiyarsu. Sai dai da wuya ka ji an ce ga wata shari'ar satar shanu ko garkuwa da mutane da aka kafa hujja da sawu a cikinta. Abin da mai bin sawu ya gani yana cikin kansa, ƙasar kuwa kafin hantsi iska ta share wani, ƙafafun 'yan jaje sun tattake sauran. Idan bayan mako biyu aka kama wani a kasuwa ko a shingen bincike, ba abin da ya saura da za a gwada takalminsa da shi. Daga nan shari'a ta rataya ke nan a kan ko ya amsa laifi da bakinsa, ko wani ya ce ya shaida fuskarsa cikin duhu da ƙarar bindiga. Duk wanda ya taɓa zama a kotu ya san yadda lauya ke wargaza irin waɗannan hujjoji, ya kuma san yadda suke iya ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba.

Gundumar tana da ƙananan hukumomi shida, wato Madarunfa, Gabi, Safo, Sarkin Yamma, Jiratawa da Ɗan Isa, kuma kudancinta ya jingina da iyakar Najeriya, inda Jibiya ta jihar Katsina take daura da ita. Ga dajin Baban Rafi a wannan ɓangare, ga dazuzzukan Katsina da Zamfara a wancan. A watan Satumban 2019 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutum 40,000 ne suka tsallako jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. A cikin watan ne kuma gwamnan Maraɗi na lokacin, Zakari Umaru, ya karɓi takwarorinsa na waɗannan jihohi uku, suka rattaba hannu kan yarjejeniyar tsaro. Daga baya aka girke rundunar Farautar Bushiya. Duk waɗannan matakai ne na bindiga da sintiri, kuma ba wanda ke musun amfaninsu. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne me ke biyo bayan kame, ranar da za a ce wa mai gabatar da ƙara ya kawo hujja.

Bin sawu ba baƙon abu ba ne a shari'a

Tun zamanin kaka da kakanni, a wurare da dama na ƙasar Hausa da maƙwabtanta, idan sawun dabbar sata ya shiga gari, mutanen garin ne ke da nauyin nuna ta inda ya fita. In sun fitar da sawu, masu biɗa su wuce gaba. In sun kasa, magana ta tsaya a ƙofar mai gari. Malamai ma sun san wannan fanni, da sunan ƙiyafa. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutanen Uraina da suka kashe makiyayi suka kora raƙuma, inda Manzon Allah (SAW) ya tura matasa su bi su, tare da gwanin bin sawu. Malamin Malikiyya Ibnu Farhun ya yi dogon bayani a littafinsa Tabsiratul Hukkam kan yadda alƙali zai yi aiki da alamomi. Amma malaman sun bambanta tsakanin alamar da ke sa a tuhumi mutum a bincike shi, da hujjar da ke sa a zartar masa da haddi. Wannan bambanci shi ne har yau masana binciken laifuka ke ta kai-kawo a kansa.

Tsarin shari'ar Nijar, wanda aka gada daga na Faransa, bai rufe ƙofa ba. Ana iya tabbatar da laifi ta kowace halaltacciyar hanya, alƙali kuma ya yi hukunci da abin da ya gamsu da shi bayan an baje hujjar a gaban ɓangarorin biyu. Alƙali mai bincike yana da ikon naɗa ƙwararre ya duba wani abu ya kawo rahoto. Ke nan doka ba ta hana a kawo sawu kotu ba. Matsalar ita ce ba a ɗauko shi daga ƙasa.

Yadda ake fito da sawu fili

Masu binciken laifuka sun kasa sawu gida uku. Akwai wanda ya nutse a ƙasa mai laushi, kamar laka ko yashi mai danshi. Akwai wanda takalmi ya shafa a kan abu mai tauri, daɓen siminti ko ƙofar ƙarfe da aka tokara, da ƙura ko laka ko jini. Sai kuma wanda yana nan amma ido ba ya ganinsa sai an yi masa dabara.

Dabara ta farko ita ce mafi araha, kuma maharbanmu sun riga turawa saninta. Mai bin sawu ya fi son sassafe ko yamma liƙis, lokacin da rana take ƙasa-ƙasa, yana kuma sa sawun a tsakaninsa da rana. Dalili shi ne hasken da ya zo a kwance yana jefa inuwa cikin kowane ɗan rami da kowace tsaga, sai zanen ƙasan takalmi ya fito. Da tsakar rana, haske na sauka daga sama, sawun ya baje kamar babu shi. Jami'in bincike abin da yake yi ke nan da tocila: ya kwantar da ita kusa da ƙasa, ya haska daga gefe. In da rana ne, sai a yi wa wurin inuwa da baƙin zane a haska. A ɗakin da aka yi sata, rufe taga da kwantar da tocila a daɓe kan nuna sawun ƙurar da mutum goma suka wuce ba su gani ba.

Hoton ma yana da ƙa'ida. Dole kyamara ta kalli sawun daga sama a miƙe, domin in an karkata, tsawo da faɗi sun canza. Dole a ajiye ma'auni mai santimita a gefe, a zurfi ɗaya da gindin sawun, don a iya buga hoton daidai da girman takalmin. Ana ɗauka sau da yawa, ana juya hasken ta kusurwa uku ko fiye, saboda tsagar da ta ɓuya in an haska daga gabas tana iya bayyana in an haska daga kudu. Wayar hannu ta zamani tana iya wannan aiki gwargwado. Abin da ke lalata shi shi ne tura hoton ta WhatsApp yadda aka saba, domin manhajar tana rage nauyin hoto, ƙananan alamomin da ake nema su ne farkon abin da ke salwanta.

Sawun da ya nutse kuwa, zuba shi ake yi a ɗauke. Ana amfani da garin da likitocin haƙori ke zuba siffar haƙora da shi, ɗan uwan filastar da ake ɗaure karaya da ita a asibiti da wadda ake yin silin, sai dai ya fi su ƙarfi da riƙe ƙananan alamu. Kusan kilo ɗaya na garin, da ruwan da bai kai leda guda ta fiya-wata ba, a dama a cikin leda har ya yi kaurin ƙullun masa. Ba a kwarara shi a tsakiyar sawu; daga gefe ake zubawa ya malala da kansa. Bayan kamar rabin awa ya daskare, a rubuta rana da wuri a bayansa, a ɗaga shi da ƙasar da ta manne masa, kada a wanke sai ya kwana biyu ya bushe. Idan yashin busasshe ne, akan fesa man riƙe gashi daga sama ya sauka a hankali ya kama ƙwayoyin yashin kafin a zuba. Dutsen da ake yin irin wannan gari da shi ana haƙo shi a jihar Tawa, shi ne ma ake kai wa kamfanin siminti na Malbaza.

A nan sanin ƙasa yake da muhimmanci. Rairayin jigawa ba ya riƙe zane, sawu ne kawai mai nuna girma da inda aka dosa. Inda za a samu sawu mai magana shi ne fadama, da bakin rijiya, da cikin garke inda fitsarin dabbobi ya jiƙa ƙasa, da mashigan Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi, da gefen tafkin Madarunfa. Akwai kuma inda mai babur ya tsaya ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya, wanda galibi sawu ne mai zurfi, ga kuma zanen taya kusa da shi. Jami'in da aka turo daga wata jiha ba lallai ya san waɗannan wurare ba. Maharbin ƙauyen ya san su kamar yunwar cikinsa.

Ga shaguna da gidajen siminti, irin na Ɗan Isa ko cikin garin Maraɗi, akwai wata na'ura da 'yan sandan Japan suka fara aiki da irinta wajen 1970. Ana shimfiɗa wata baƙar leda mai bayan ƙarfe a kan daɓe, a sakar mata wutar lantarki mai ƙarfi, sai ƙurar sawun ta tashi ta manne wa ledar da siffarta. Tana ɗauko sawu daga tabarmar roba, da kwali, da takarda. Ba ta son danshi, wanda ke nufin watannin hunturu da bazara na nan yankin sun dace da ita. Akwai kuma wani faifai mai danƙo da ake mannawa a ɗago sawu, amma shi yana narkewa idan zafi ya haura digiri 40, abin da ba labari ba ne a Maraɗi a watan Afrilu da Mayu. Duk wanda zai sayo kayan aiki daga Turai ba tare da la'akari da wannan ba, ya zubar da kuɗin gwamnati.

Sinadarai su ne matakin ƙarshe, bayan an gama hoto an kuma ɗebi abin da za a kai gwajin ƙwayoyin halitta, domin in an zuba su ba a komawa baya. Akwai wanda ake kira amido bilak, mai rina sawun jini ya koma shuɗi mai duhu. Akwai luminol, wanda ake fesawa a duhu, jinin da aka wanke ya yi ƙyalli na ɗan lokaci. Akwai tiyosayanet, mai haɗuwa da sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙasa ya ba da ja, don haka yana iya fito da sawun jar ƙasa da ya dushe. Amma luminol ba ya bambanta jinin mutum da na dabba, yana kuma yin ƙyalli in ya haɗu da ruwan jabel. A ƙasar da ake yanka rago da kaza a tsakar gida, ƙyallinsa kaɗai ba ya nufin an yi kisa.

Takalmin kowa da kowa

Bayan an samu sawun, sai gwadawa. Mataki na farko shi ne zane da girma: wane irin takalmi ne, lamba nawa. Na biyu, yadda ya cinye, domin wani dunduniyarsa ta waje ke ci, wani ta ciki. Na uku, raunukan da takalmin ya samu a yawonsa, kamar yankan kwalba, hujin ƙaya, tsakuwar da ta maƙale.

Matakin farko yana da ƙarfi ne kawai idan takalmin ba kowa ke da shi ba. A shari'ar O.J. Simpson a Amurka, ƙwararren hukumar FBI William Bodziak ya shaida cewa sawun jinin da aka samu a wurin kisan na 1994 na wani takalmin Italiya ne mai tsada, Bruno Magli, lamba 12, wanda 'yan ɗaruruwa kawai aka sayar a ƙasar. An wanke Simpson a 1995, amma da hotunansa sanye da irin takalmin suka fito, sun taimaka wajen kayar da shi a shari'ar diyya a 1997. To, a kasuwar Madarunfa ko ta Gabi fa? Silifa da takalmin roba da ake shigowa da su buhu-buhu daga Kano da Sin, zanensu ɗaya, manomi na sa su, makiyayi na sa su, ɗan kabu-kabu da ɗan bindiga duk suna sa su. Jami'in da zai ce ya kama mutum don zanen silifarsa ya yi daidai da na wurin sata, zai iya kama rabin kasuwa.

Sai dai talaucin da ya sa kowa ke sa takalmi iri ɗaya, shi ne kuma ya sa ba a yar da takalmi da wuri. Ana sa shi har ya huje. Ana kai shi wurin mai gyara ya ɗinke, a buga masa ƙusa, a liƙe da wuƙa mai zafi, a soka waya a riƙe igiyar silifa ta ƙasa. Kowane gyara alama ce da ba ta da ta biyu. Takalmin taya kuwa, wanda ake yanka da hannu daga tsohuwar tayar mota, tun ranar da aka yi shi ba shi da tagwai. A ganina, ta wannan fuska sawun ƙauyukanmu ya fi na biranen Turai bayar da labari, in har an same shi a ƙasa mai riƙe zane.

Duk da haka a yi hattara da masu cewa kimiyya ba ta kuskure. A 2016 kwamitin masana da ke bai wa shugaban Amurka Barack Obama shawara ya ce babu isassun gwaje-gwajen da suka tabbatar da ingancin iƙirarin cewa wannan sawu na wannan takalmi ne shi kaɗai. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta soke hukuncin kisan kai da aka yanke wa wani mutum, saboda ƙwararren da ya yi magana kan sawun takalmin Nike ya dogara da lissafin da ba shi da isasshen tushe, bai kuma bayyana wa kotu yadda ya yi shi ba. Kafin nan an yi wata farfesa a Amurka, Louise Robbins, da ta riƙa shaida a kotuna cewa tana iya gane mai ƙafa daga kowane sawu. Da shaidarta aka tsare Stephen Buckley kusan shekara uku kan kisan wata yarinya a jihar Ilinoi a 1983, kafin a janye tuhumar a 1987. Wani mutum daban ne daga baya ya amsa laifin, gwajin ƙwayoyin halitta kuma ya tabbatar.

Ko da an tabbatar takalmin ne, ba a tabbatar da ƙafar da ke ciki ba. A nan wa da ƙane suna musayar takalmi, ana sayen na gwanjo, ana fitowa daga masallaci a tarar an yi canji. Kama da wane ba ta wane.

Wa zai amfana?

Mai karatu zai iya cewa, a yankin da ake harbe mutane, inda wani lokaci jami'an tsaro ba sa isa ƙauye sai rana ta take, maganar filasta da tocila ai wasa ne. Akwai gaskiya a ciki. Idan babura talatin suka afka wa gari suka koma dajin da ke wancan ɓangaren iyaka, ba sawun da zai kamo su.

Amma ba duk ɓarnar ce ke zuwa da babura talatin ba. Jama'a da hukumomi sun daɗe suna kokawa da masu tsegunta wa 'yan bindiga, waɗanda ake kira infoma, 'yan gari da ke nuna gidan da aka sayar da sa ko aka dawo daga ci-rani da kuɗi. Irin waɗannan da ƙafa suke zuwa, a gari suke kwana, takalminsu yana ƙofar ɗakinsu. Su ne sawu zai iya kamawa. Kuma su ne aka fi yi wa ƙazafi da sunansu, domin kalmar infoma ta zama makamin da mai gaba da wani kan gona ko kan mace zai iya jifan abokin gabarsa da shi.

Nan ne nake ganin babban amfanin wannan fanni yake. Sawu ya fi ƙarfi wajen wanke mutum a kan ɗaure shi. Idan sawun da aka zuba lamba 44 ne mai zanen layi-layi, wanda aka kama kuma ƙafarsa 39 ce, takalmansa duka ba mai irin zanen, to an rage zargi ba tare da an mari kowa ba. A ƙasar da rahotanni suka sha nuna cewa masu jiran shari'a sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa a gidajen kaso, duk abin da zai sa a saki marar laifi da wuri ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. Sawun shanun sata yakan bi burtali, burtali kuma yakan wuce ta kusa da rugage. Ɓarawo ma da gangan yakan kora dabbobi ta cikin sawun wani garke don ya ɓatar da masu biɗa. Idan fusatattun matasa riƙe da bindigogin gargajiya suka bi sawu ya kai su bakin ruga, ba alƙali a wurin, ba mai cewa a tsaya a gwada. A watan Afrilun 2021 ƙungiyar International Crisis Group ta yi gargaɗi kan yadda fashin kan iyaka ke ɓata tsakanin Hausawa da Fulani a kudu maso yammacin Nijar, da yadda ƙungiyoyin sa-kai za su iya ƙara rura wutar, kamar yadda aka gani a Zamfara. Mutanen jihar Maraɗi ba sa bukatar a ba su labarin inda ɗaukar fansa a kan al'umma guda ke kaiwa. A Toda, cikin watan Oktoban 1991, fiye da mutum 100 aka kashe, akasarinsu mata da yaran Fulani, bayan rikicin manoma da makiyaya.

Kayan aiki, da wanda zai riƙe su

Nijar tana da sashen 'yan sandan kimiyya, kuma tawagar Tarayyar Turai ta EUCAP Sahel, wadda ta fara aiki a 2012, ta shafe shekaru tana horar da jami'ai kan binciken wurin da aka aikata laifi. A watan Disamban 2023 hukumomin mulkin soja suka soke yarjejeniyar zamanta. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko ba ya yi, nauyin sayen kayan aiki da ci gaba da horo ya dawo kan baitulmalin ƙasa. Abin sauƙin shi ne, kashi mafi amfani na wannan aiki ba ya bukatar dogon kuɗi: tocila, ma'auni, garin zubi, ledoji, da jami'in da ya san ƙa'ida a kowace birgad ta jandarma. Na'urar lantarki da sinadarai ana iya ajiye su a Maraɗi.

Abin da kuɗi ba sa saya shi ne tsari. Sawun da aka zuba, in ba a rubuta wanda ya ɗauke shi, da ranar, da hannun da ya bi har ya isa kotu ba, lauya zai ce a bayan ofis aka zuba shi bayan an karɓe takalmin wanda ake zargi, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Haka nan dole a karɓi takalmin wanda aka kama tun a ranar, domin kowane taku yana canza ƙasansa. A Ingila wata dokar 2005 ta bai wa 'yan sanda ikon ɗaukar zanen takalmin wanda suka tsare, suna kuma da rumbun da ke haɗa sawun wannan sata da na waccan. Ko littafi guda na hotuna a matakin gunduma zai iya nuna cewa takalmin da ya shiga wani gida a Safo shi ne ya shiga wani a Sarkin Yamma bayan wata guda.

Su kuma masu bin sawu na gargajiya, ba dalilin barin su a waje. A Saudiyya an daɗe ana ɗaukar 'yan ƙabilar Al Murra aikin bin sawu tare da jami'an tsaro. A Afirka ta Kudu, a shekarun 1990, Louis Liebenberg ya fito da manhajar CyberTracker, wadda ke bai wa maharban da ba su yi boko ba damar adana abin da suka gani ta hanyar taɓa hotuna. Dokar 2015 kan sarautar gargajiya ta bai wa sarakuna da masu gari ikon sasanta rigingimun al'ada da na dukiya, ba ta ba su hukunta manyan laifuka ba. Amma mai gari ne ke fara isa wurin, kuma maganarsa ake ji. Shi zai iya sa a kife ƙwarya ko kwano a kan sawu biyu ko uku mafiya kyau, a ja igiya, a ce 'yan jaje su bi ta wancan gefe. Masu bin dabbobi su bi ta gefen sawu, kamar yadda gwanayensu dama suke yi.

Mu 'yan jarida da masu ɗora hotuna a Facebook muna da namu kason. A 1985, lokacin da ake farautar Richard Ramirez da ya addabi jihar Kalifoniya da kashe-kashe, babbar hujjar 'yan sanda ita ce sawun wani takalmin Avia da ba a cika samu ba. Magajiyar garin San Faransisko ta lokacin, Dianne Feinstein, ta ambaci maganar takalmin a taron manema labarai, shi kuwa ya je ya jefa shi a ruwa daga kan gada. 'Yan bindigar yankin nan suna da wayoyi, suna kuma bin abin da ake yaɗawa. Silifa ba ta kai jika guda ba.

Saura batun iyaka. Sawun da aka zuba a Gabi, takalminsa yana iya faɗawa hannun 'yan sandan Jibiya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, Nijar kuma ta kammala ficewa daga ECOWAS a watan Janairun 2025. A watan Agustan 2024 hafsoshin tsaron ƙasashen biyu, Janar Christopher Musa da Janar Musa Salau Barmu, sun gana a Yamai suka amince a ci gaba da haɗin gwiwa. Wannan magana ce ta sojoji. Gwada sawu da takalmi aikin jandarman Madarunfa ne da ɗan sandan Jibiya da masu gabatar da ƙara na Maraɗi da Katsina, waɗanda dokokinsu da harshen aikinsu suka bambanta, ɗaya Faransanci ɗaya Ingilishi, ko da yake dukansu da Hausa za su gaisa. Gwamnonin da suka sa hannu a yarjejeniyar 2019 duk sun bar kujerunsu, kuma sabon zaman da za a yi tsakanin jihohin huɗu ya kamata a ce masu bincike da alƙalai suna cikin waɗanda za a gayyata.